Jamhuriya daban, dimokuraɗiyya daban

Wani ɗalibi daga Kamba ya aiko yana tambaya: "Malam don Allah mi ab bambancin jamhuriya da dimokuraɗiyya? Ni dai ina jin 'yan rediyo na haɗa su kamar abu guda."

To ɗana, kama da wane ba ta wane. Jamhuriya daga Larabci muka aro ta, tushenta jumhur wato taron jama'a, kuma abin da take nufi shi ne ƙasar da ba sarki ke bisa kanta ba, kujerar shugaba ba gado ba ce. Ita kuwa dimokuraɗiyya asalinta Girkanci ne, demos jama'a, kratos iko, ta bakin Turawa ta iso mana. Ita ba ruwanta da akwai sarki ko babu, tambayarta ɗaya ce, talaka na da ikon ɗora mai mulki da ƙuri'arsa kuma ya sauke shi in ya gaji da shi?

Kai da ke Kamba ai ba sai na kai ka nesa ba, leƙa tsallaken iyaka. Tun watan Yulin 2023 soja ke riƙe da Nijar, Janar Tchiani ba akwatin zaɓe ya kawo shi ba, amma har gobe sunanta Jamhuriyar Nijar. Mu ma nan haka aka yi, Babangida ya ƙirƙiro Kebbi a 1991, Abacha ya yanko Zamfara a 1996, duka biyu da dokar soja aka yi su, ba wanda ya dangwala yatsa, kuma a lokacin nan kan takardun gwamnati jamhuriya muke. Ingila kuma akasin haka, suna da Sarki Charles wanda ya gaji uwarsa, saboda haka ba jamhuriya ba ce, amma 'yan majalisar wakilai sai an zaɓe su, kuma daga cikinsu firaminista ke fitowa. Najeriya kanta daga 1960 zuwa 1963 ana zaɓe amma Sarauniya Elizabeth ce shugabar ƙasa, sai ran 1 ga Oktoba 1963 muka zama jamhuriya Nnamdi Azikiwe, wato Zik, ya zama shugaban ƙasa.

Wata baiwar Allah daga Gusau kuma ta ce to Malam, ai Hausawa sun ce suna linzami ne. Haka ne 'yar uwa, amma wannan maganar ta mutum ce, ka kira sunansa ya waiwayo kamar dokin da aka ja wa linzami. Ƙasa kam ba ta waiwayowa. Koriya ta Arewa ta jera dimokuraɗiyya da jamhuriya duka cikin sunanta, alhali daga kaka sai ɗa sai jika.

Sannan masu fassara dimokuraɗiyya da mulkin farar hula, ni ban cika yarda da su ba gaskiya. Farar hula tana nufin ba soja ba, shi ke nan, a Sin ma ai masu mulkin ba kaki suke sawa ba amma jam'iyya guda ke riƙe da komai tun 1949.