Injin da shi kansa yake juyawa

Ka tambaye ni wai da gaske ne an taɓa yin injin jirgin sama da silindojinsa ke juyawa tare da farfela, ko dai labarin shayi ne. Wallahi gaskiya ne yarona, kuma ka yi tambaya mai kyau.

Kamfanin Gnome ne a Faransa, kusa da Paris, na wasu 'yan uwa Louis da Laurent Seguin. A 1909 injinsu Omega ya shiga jirage, silinda 7 a jere kamar da'ira, ƙarfin doki 50. Kiranshaf ɗin, wato sandar ƙarfen da ke tsakiyar inji, a ɗaure yake jikin jirgi ba ya motsi, sai gaba ɗayan injin ya dinga zagaye shi, farfela kuma a jikin injin take.

To me ya sa? Zafi da nauyi. Ka dai san yadda babur ke ɗaukar zafi in ya daɗe a tsaye yana aiki, to jirgin wancan lokacin katako ne da yadi, in ka ɗora masa lagireto da ruwa ya yi nauyi, shi kuwa wannan tunda silindojin na yawo cikin iska suna sanyaya kansu ko jirgin na ƙasa. Da wannan injin matuƙi Henri Farman ya yi kilomita 180 a gasar jiragen sama ta birnin Reims a shekarar 1909.

Abin da ya fi burge ni shi ne mai. Fetur ta cikin ramin kiranshaf yake bi ya shiga cikin inji, saboda haka ba za ka sa baƙin mai irin namu ba don fetur zai tsinka shi, sai suka koma man zurma da ba ya narkewa a fetur. Kuma ba ya dawowa, in ya shafa ƙarfe sai ya fita tare da hayaƙi, matuƙi ya sauka fuska duk maiƙo. Totur ma ba wani na kirki, in zai sauka wuta yake yankewa yana mayarwa da maɓalli.

Da aka ƙara masa girma sai nauyin da ke juyawa ya dinga fizgar jirgi wurin kwana, shi ya sa bayan yaƙin duniya na ɗaya aka bar shi. Kamfanin kam ya haɗe da Le Rhône a 1915, gwamnatin Faransa ta karɓe shi a 1945 ya zama SNECMA, wanda yanzu yake cikin kamfanin Safran.