Kafin ka biya ko kwabo, ka tambaye su indeksin

Ɗana, na ga saƙonka tun daren jiya, wai ka samu gurbin karatun nas a wata jami'ar kuɗi, sun ce ka biya kafin ƙarshen wata ko a ba wani, kana tambaya ka biya ne ko ka sake JAMB ka nemi ta Jos. Wlh da na karanta sai da na ajiye wayar na tashi na zaga tsakar gida, don ka fama min wani miki da har yau bai warke ba.

Maganar kiredit biyar da su fizis da kemistiri ba zan ɓata bakina ba, wannan ko mai sayar da katin waya a Taminus ya sani. Shekara 5 ne in ta JAMB ka shiga, wanda ya gama makarantar nas yana da lasisi shi 4 zai yi, sai intanship, wato aikin horo a asibiti, shekara ɗaya, sai bautar ƙasa, shikenan. Abin da ba za su faɗa maka a ofis ba shi ne indeksin, kuma shi ya cinye min fili.

Hukumar nas da ungozoma ta ƙasa da ke Abuja, wadda mu ke ce wa kansil, kowace makaranta tana yanka mata adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Wanda aka tura sunansa aka ba shi lamba, shi kaɗai suka sani, wannan shi ne indeksin ɗin. Ba ka da lamba ba ka zama jarrabawar kansil, ba jarrabawa ba lasisi, digirin nas kuwa ba lasisi sai dai a naɗe ƙosai da shi. Kuma yardar NUC, hukumar kula da jami'o'i, daban, yardar kansil daban, kar a nuna maka ɗaya a ce ta wadatar.

Toh ni da na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin nas a wod ɗin asibiti, ni da yara ke zuwa neman shawara, ni aka yi wa. 'Yata ta biyu ce, makin JAMB ɗinta bai kai ba, sai wani abokin ƙanina ya zo har gida da takarda mai sheƙi, hotunan yara cikin fararen kaya suna murmushi, ya sha shayina ya ci burodina ya rantse min makarantar ta gama komai da kansil. Ban bincika ba, girman kai ne, ina ganin wa zai yaudari tsohon nas da maganar nas. Na sayar da filina na hanyar Bauchi wanda na yi adashe shekaru kafin in mallaka, na biya. Aji ɗaya lafiya, aji biyu lafiya, duk sanda na tambayi lamba sai a ce ana kai Alhaji, ka kwantar da hankalinka. Sai da suka kai aji huɗu, lokacin jarrabawar kansil, aka liƙa sunaye a allo, aji cike maƙil da mutane amma sunayen ko takarda biyu ba su cika ba. Ta kira ni tana kuka ko magana ba ta iya yi.

Washegari da asuba na hau mota, Akwanga, Keffi, har ofishin kansil a Abuja. Wata mata ta duba kwamfuta, ta sake dubawa, sannan ta juyo min da fuskar kwamfutar ta ce Baba duba da kanka, ba ta cikin namu. Ashe makarantar ɗiba kawai take yi fiye da abin da aka yanka mata, ragowar a jera su a layi. Na koma makarantar aka ce 'yar tawa ta jira rukuni na gaba, rukuni na gaban ma akwai waɗanda suka riga ta. Shekara biyu tana zaune a gida, daga baya ta sake daga farko a makarantar nas tare da ƙannen ƙawayenta. Abokin ƙanin nawa kuwa ya ce shi ma haka aka gaya masa, har yau muna haɗuwa a masallacin Juma'a yana miƙo min hannu. Filin yanzu bene ne da shaguna a ƙasa, in zan wuce kau da kai nake.

Digiri abu ne mai kyau, kar ka ji na kushe, tun 1965 ake yin sa a Ibadan, kuma za ka iya fita da lasisin nas da na ungozoma, daga nan ka bi tiyata ko yara ko masu taɓin hankali ko koyarwa. Amma ku yaran yanzu farar riga kuke so da hoton TikTok, kowa na lissafin Ingila tun bai iya samun jijiyar jariri ba. Mu sirinjin gilas muka tafasa, metiron, shugabar nas-nas, na tsaye a kanmu, ka zo dutin dare da farce ta kora ka gida. Ingilar ma sai ka ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, ka ci na aikin nas, CBT da OSCE, Amurka kuma tasu NCLEX, kuma dukansu sai kansil ta tabbatar musu da lasisinka, kaga mun dawo kan lambar nan dai.

Don haka ka je makarantar da ƙafarka. Su nuna maka takardar yardar kansil da adadin da aka ba su, ka leƙa aji ka ƙirga kawuna da idonka, ka tambaya a wane asibiti suke koyon aiki. Sannan ka bar ofis ka nemi 'yan aji huɗu a teburin mai shayi, ka saya musu indomi ka tambaye su mutum nawa ke da lamba. In sun fara kallon juna, ɗauko jakarka.

Ranar Asabar ka kawo min takardar in gani, ka zo da babanka in zai samu dama. Da safe fa, ba na son jira.