Wane ne John Hennessy, kuma me ya haɗa shi da wayar hannuna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji an ce shugaban hukumar gudanarwar Alphabet, uwar kamfanin Google, tsohon malamin jami'a ne, wai kuma shi ya ƙirƙiro ƙwaƙwalwar da ke cikin wayoyinmu. Gaskiya ne ko ƙarin gishiri?

Amsa: Wa alaikumus salam. Akwai gaskiya a ciki, akwai ɗan gishiri. Mutumin shi ne John Hennessy, haifaffen jihar New York ta Amurka a 1952. Ya gama digirin digirgir a Jami'ar Stony Brook a 1977, a shekarar kuma ya fara koyarwa a Jami'ar Stanford.

Asalin fanninsa shi ne manhajar tafinta, wato wadda ke juya abin da mai rubuta manhaja ya rubuta zuwa yaren da na'ura ke ji. Wannan ne ya buɗe masa ido. A lokacin, kamfanoni gasa suke wajen cusa wa ƙwaƙwalwar kwamfuta umarni masu sarƙaƙiya, a ganinsu yawansu shi ne ƙarfi. Amma da aka bibiyi abin da tafinta ke fitarwa, sai aka tarar 'yan umarni ƙalilan masu sauƙi take ta maimaitawa, sauran suna zaune sun tare wuri.

A 1981 sai shi da ɗalibansa suka fara aikin da suka kira MIPS: a rage umarnin, a mai da su bai ɗaya, a ɗora wa tafinta wahalar tsara su. Ka ɗauki leburori a jere suna miƙa wa juna bulo. In bulon girmansa ɗaya, kafin na farko ya isa hannun magini na biyu da na uku suna hanya, babu hannun da ke hutawa. In kuwa wani ƙato ne wani ƙarami, layin tsayawa zai riƙa yi. Haka ƙwaƙwalwar take: tana ɗauko umarni ɗaya, tana fassara wani, tana aiwatar da wani, duk a bugu ɗaya. Umarnin na iya ƙara yawa, amma kowanne fit yake wucewa.

Ba shi kaɗai ba ne, kuma a nan masu ba da labari kan yi rowa. John Cocke ya riga shi taɓa dabarar a IBM, David Patterson kuma yana irin aikin a Jami'ar California da ke Berkeley tun 1980, can ne ma sunan RISC ya fito, wato sunan da ake kiran wannan tsari na taƙaita umarni. Manyan kamfanoni suka yi musu kallon malaman da ba su san kasuwa ba. Hennessy ya ɗauki hutun aiki a 1984, da shi aka kafa kamfanin MIPS, wanda Silicon Graphics ya saye a 1992. Na'urorin wasan bidiyo na PlayStation na farko da Nintendo 64 duk ƙwaƙwalwa zuriyar MIPS ce a cikinsu.

To ga inda gishirin yake. Wayarka kusan tabbas tsarin ARM take amfani da shi, wanda kamfanin Acorn na Kambirij a Ingila ya fitar a 1985. Shi ma RISC ne, ƙarancin cin batirinsa ya sa ya mamaye wayoyi, amma ba hannun Hennessy ya zana shi ba.

A ganina, babban gadonsa littafin da suka rubuta da Patterson a 1990 ne, wanda ya koya wa injiniyoyi su auna saurin na'ura da lissafi maimakon cika baki. Ya shugabanci Stanford daga 2000 zuwa 2016, suka raba kyautar Turing ta 2017 da Patterson, wato babbar lambar yabo a fannin kwamfuta, a 2018 kuma ya hau kujerar Alphabet da ka tambaya.