Madubin idon ɗana ya goce, zai makance ne?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 9 ya fi sa'anninsa tsawo, siriri ne, yatsunsa zara-zara. Ba ya ganin allo a aji. A asibiti an ce madubin cikin idonsa ya goce, ana zargin cutar Marfan. Zai makance ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ki kwantar da hankalinki, yawancin yaran da aka gano da wuri ba sa rasa ganinsu.

Cuta ce ta gado, wadda likitan yara na Faransa Antoine Marfan ya fara bayaninta a 1896. Tana samun kusan mutum 1 cikin 5,000. Matsalar tana cikin ƙwayar halitta mai suna FBN1, wadda ke samar da sinadarin da ke ƙarfafa zaruruwan jiki. Madubin ido kuwa a rataye yake da wasu siraran zaruruwa ta kowane gefe. Idan suka yi rauni sai ya karkata, galibi sama da gefe. Kusan 6 cikin 10 na masu cutar suna samun haka. Likita kan ɗiga maganin buɗe ido, sai ya hango bakin madubin a tsakiyar ƙwayar ido, wani lokaci har yana rawa.

Sau da yawa tabarau da aka auna da kyau ya isa. Kada a yi jinkiri, domin idon yaro da ya daɗe cikin dishi-dishi yakan zama malalaci, wato ganinsa ya raunana ko da an sa tabarau daga baya. Idan gocewar ta yi yawa, ana yin tiyata, a wuri irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Ina roƙonki, kada a bar mai soke ido na gargajiya ya taɓa shi.

A riƙa duba idon duk shekara, saboda yanar ido da hawan jinin ido suna zuwa wa masu cutar da wuri. Ranar da ya ce yana ganin walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo da yawa, ko duhu ya rufe gefe guda, a garzaya asibiti a ranar; wataƙila tantanin bayan ido ne ke ɓallewa. Dambe da kokawa kuma ya haƙura da su.

Abin da ya fi damuna shi ne zuciya. Cutar tana faɗaɗa babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya ba tare da wani ciwo ba, har ta kai ga tsagewa. A yi masa hoton zuciya yanzu, a riƙa maimaitawa. Ke da mahaifinsa da 'yan'uwansa ku ma a duba ku, domin duk ɗan mai cutar yana da kashi 50 cikin 100 na gadonta.