Kama da Wane Ba Ta Wane: Amsoshi Kan Wasan Mutum Ɗaya

Wata ɗaliba daga Zariya ta rubuto tana cewa: "Malam, an ba mu aiki a kan irin wasan kwaikwayon da mutum ɗaya tak yake hawa dandamali, ya zama wannan ya zama wancan. An ba mu misali da Anna Deavere Smith ta Amurka. Me za mu kira shi da Hausa? Kuma ba cewa aka yi hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ba?"

'Yata, ki kira shi wasan mutum ɗaya, ya wadatar. Na ji wasu suna cewa "wasan tilo", amma tilo ya fi zama a bakinmu idan ana maganar ɗa ko 'yar da ba ta da wa ba ta da ƙane, don haka mai sauraro zai yi tuntuɓe da shi.

Matar da aka ba ku misali da ita ta cancanci a tsaya a kanta. A watan Agusta na 1991, a unguwar Crown Heights ta birnin New York, wata mota daga ayarin wani shugaban addinin Yahudawa ta buge yaro baƙar fata ɗan shekara 7, ya mutu. Bayan 'yan sa'o'i aka soke wani ɗalibi Bayahude da ya zo daga Ostareliya, shi ma ya mutu, unguwa ta kwana uku cikin tarzoma. Sai wannan mata ta ɗauki rikoda ta bi mutanen ɓangarorin biyu tana jin ta bakinsu. A 1992 ta hau dandamali da wasan da ta kira Fires in the Mirror, ta fito a matsayin mutum 26, maza da mata, Yahudawa da baƙaƙen fata, har da yayan ɗalibin da mahaifin yaron. Maganarsu take maimaitawa yadda suka faɗe ta, da in'inarsu da inda numfashi ya sarƙe su. Hula ko tabarau kawai za ta sauya, sai ga wani mutum daban a gabanka.

Batun jinka kuwa, karin maganar tana nan daram, domin ba ita kaɗai ta ɗauka ba. Mutanen da suka buɗe mata ƙofa suka ba ta maganarsu, hannunsu na ciki.

Kada kuma ki ɗauka abin baƙo ne a wurinmu. Kakar da ta ce "ga ta nan ga ta nanku" ita ce Gizo, ita ce Ƙoƙi, ita ce sarki. Da ta zo kan Gizo sai ta karya harshe ta yi tsamin baki, "r" ta koma "y", yara su gane wanda ke magana ba tare da an faɗa musu ba. Ga kuma ɗan kama, wanda zai zauna ya gyara murya irin ta malami mai wa'azi, amma duk karatun nasa tuwo ne da miya da nama. Sana'arsa kamanci, kuma da wannan kalma muke faɗar yadda abu biyu suka yi kama da juna. Ki sa waɗannan biyu a aikinki, ki nuna inda suka haɗu da na Amurka da inda suka rabu.

Wani malamin sakandare daga Maraɗi ya tambaya: "Karin maganar nan, kama da wane ba ta wane, ba tana rushe wasan kwaikwayo gaba ɗaya ba? In kama ba ta isa ba, me ɗan wasa yake yi?"

Malam, tambayarka ta fi dukkan na wannan mako nauyi a wurina. Asalin inda ake faɗar karin maganar shi ne a ja kunnen wanda kamanni ya ruɗa: ka ga ɗa ya ɗauko fuskar ubansa sak, ka ba shi amanar da kake ba uban, ya ci. Ko a kasuwa a miƙo maka yadi mai kama da na ainihi. Gargaɗi ne ga mai kallo. To amma idan ɗan wasa ya riƙe ta, sai ta zama ladabi. Tana tuna masa cewa ko ya kwashe muryar uban da ya rasa ɗa, ya kwashe tafiyarsa da yadda yake riƙe hula, ba shi ya binne yaron ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan wasan da ya san haka zai riƙe maganar mutane a matsayin ajiya, ba zai ƙara mata gishiri don a tafa masa ba.

Ita kanta kalmar kwaikwayo fuska biyu gare ta. Muna cewa yaro ya kwaikwayi halin malaminsa, yabo ke nan. Muna kuma cewa "daina kwaikwayona", wato daina yi mini ba'a. A tsakanin waɗannan biyun ne nake so 'yan wasanmu su tsaya su yi wa kansu hisabi. Sau nawa muka ga an fito da wanda ba Bahaushe ba a wasa, ba abin da aka ba shi sai karyayyar Hausa da wauta? Har suna muka yi wa abin, gwaranci, muka ɗauki sunan al'umma guda muka liƙa wa maganar da ba ta fita. Wannan yana damuna ƙwarai, domin Gbagyi, wanda muke kira Bagwari, yana da harshensa cikakke wanda mafi yawanmu ba ma iya gaisuwa da shi.

Za a ce ai wasa ne, muna da barkwanci tun kaka da kakanni. Gaskiya ne, akwai shi tsakanin Fulani da Barebari, tsakanin Gobirawa da Yarbawa, tsakanin Kanawa da Zagezagi. Sai dai wannan wasa yana da sharaɗi: wanda ka tsokana yana zaune a gabanka, yana da bakin ramawa, kuma gobe shi zai fara. A kan dandamalin mutum ɗaya, wanda ake kwaikwaya ba ya nan. Shi ya sa nauyin ya koma kacokan kan mai wasan.

Wata baiwar Allah daga Kumasi ta ce a zango aka haife ta, a can ana ce mata 'yar arewa, da ta zo Kano kuma aka ce mata 'yar Gana. Tana tambaya: "Ni baƙuwa ce ko bare?"

Hajiya, kalmomin biyu ba ɗaya ba ne. Baƙunta ta wuri ce da lokaci. Baƙo ya zo ne, ana shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa, kuma baƙuncin yana ƙarewa: ko ya tafi, shi ya sa ake cewa baƙo raɓa ne, ko ya zauna ya zama ɗan gari. Bare kuwa maganar jini ce da dangantaka. Maƙwabcinka na shekara da shekaru ba baƙo ba ne, amma ranar rabon gado bare ne. Duk da haka Bahaushe bai rufe masa ƙofa ba, tunda shi ya ce naka sai naka, daɗin zama sai bare. Ki lura da rabin ƙarshen nan, shaida ce daga bakin masu harshe cewa sau da yawa wanda ba ku haɗa jini ba ya fi sauƙin zama. Akwai ta uku da ba ki ambata ba, ƙabila. Daga Larabci ta zo, ma'anarta al'umma mai asali ɗaya, amma a titi sai ka ji an ce "ai ƙabila ne", ana nufin ba Bahaushe ba, sai ka ce mu ba ƙabila ba ne. Ina roƙon masu rubutu su guji wannan amfani.

Ke kuwa, wadda ta tashi da Hausa a bakinta a zangon Kumasi, inda fatake masu safarar goro suka kafa zuriya tun zamanin kakanni, ba bare ba ce a cikin Hausawa. A Kano baƙuwa ce ke na ɗan lokaci, kamar yadda Bakano zai zama baƙo ranar da ya sauka Kumasi. Labarinki ma irin wanda wasan mutum ɗaya yake nema ne: ki tsaya ki yi muryar mai ce miki 'yar arewa, ki juya ki yi ta mai ce miki 'yar Gana, sannan ki yi taki.

Tambaya ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani matashi a Gusau: bambancin mutum, mutunci da mutum-mutumi.

Tushensu ɗaya. Mutum shi ne ɗan Adam, amma idan aka ce "wane mutum ne", an wuce halitta an shiga hali, kamar yadda "ba mutum ba ne" ba ya nufin dabba. Mutunci shi ne darajar da ke tsakaninka da jama'a, kuma fi'ilan da ke binsa suna nuna yadda muke ganinsa: ana kiyaye shi, ana zubar da shi, ana cin na wani. Mutum-mutumi kuwa siffa ce ba rai, irin wanda ake kafawa a gona da tsohuwar riga don korar tsuntsaye, yanzu kuma ana kiran na'urar da ke aiki kamar mutum da wannan suna. Ninka kalmar da aka yi shi ke nuna abin ya yi kama amma bai kai ba, kamar yadda muke cewa ja-ja ko fari-fari ga launin da bai cika ba.