Iska ta zubar mana da kaya a Nima, wa zai kwashe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ruwa da iskar da aka yi makon jiya sun yaye mana kwanon ɗaki biyu, reshen dalbejiya ya karyo cikin gida, ruwa ya jiƙa katifu, firji ma ya mutu. Mun tara komai a bakin titi, har yau yana nan, ya fara wari. Ƙanena da ke Amurka ya ce can idan guguwa ta wuce hukuma ce ke bin layi-layi tana kwashewa kyauta. Mu a nan haƙƙin wa ne? Daga wata uwa a unguwar Nima da ke Akara, Ghana.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar da alheri, ya tsare gaba.

Ƙaninki gaskiya ya faɗa, amma akwai sauran zance. A jihohi irin su Fulorida da Tekzas, bayan guguwar teku, motocin ƙaramar hukuma kan zagaya, kuma idan shugaban ƙasa ya ayyana bala'i, gwamnatin tarayya ta hannun hukumar agajin gaggawa ta FEMA tana mayar da aƙalla kashi 75 cikin 100 na kuɗin aikin. Sai dai ana gindaya wa mutane sharaɗi: itace gefe guda, baraguzan gini gefe guda, firji da injin wanki daban, fenti da batir daban, kuma kada a tare hanya ko magudanar ruwa. Wanda ya cakuɗa nasa, mota na iya wuce shi. Irin waccan guguwar ba ta zuwa Akara, domin muna kusa da tsakiyar duniya, inda ba ta iya haɗuwa. Tamu ita ce iskar farkon damina da ambaliyar watan Yuni.

A nan, dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ɗora tsaftar gari a kan majalisun yanki, kuma tun 2018 Nima tana ƙarƙashin majalisar Ayawaso ta Gabas. Tallafin waɗanda bala'i ya shafa kuma aikin NADMO ne, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa. Amma kwasar shara ta yau da kullum a hannun kamfanoni da 'yan aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) take, kuma kuɗi ake biya. Abin da ya faɗi a kan titi ya tare hanya, majalisa ce za ta kau da shi. Abin da ya fito daga cikin gida, yawanci mai gida ne zai nemi mai ɗauka.

Shawarata, tun yau ki sa samari su warware wannan tsibin. Na daɗe ina aikin duba-gari, kuma abin da na sha gani shi ne tarin da aka cakuɗa shi ya fi daɗewa a ƙasa. Ɗan aboboya zai leƙa, ya ga kwano mai kaifi ya sarƙe da reshe, ga katifa ta sha ruwa ta yi nauyi, sai ya tsawwala kuɗi ko ya ƙara gaba. Kafin kwana biyu maƙwabta sun ɗauka sabuwar bola ce, kowa na jefa ledarsa da dare.

In an rarraba, rabin kayan ma ba shara ba ne. Kwanon rufi da firji masu sayen tsofaffin ƙarafa za su ɗauka, su ba ki 'yan sidi a kai. Ki dai kwashe ruɓaɓɓen abincin ciki, a cire ƙofar firjin ko a ɗaure ta tam, saboda yara na shiga ɓuya su kasa fitowa. Reshen dalbejiya a sassare shi, masu tuwo da waake za su so shi in ya bushe. Katifar da ruwan kwata ya ratsa kuwa, ki haƙura da ita. Rana tana busar da bayanta ne kawai, ƙazantar na cikin soso. Ita da ragowar abinci su ne za a fara fitarwa, domin su ke kiran ƙuda. Kada a ƙona ta, hayaƙin soso guba ne ga ƙirji, balle a lungunanmu da gidaje ke manne da juna. Masu aikin su sa takalmi mai tauri da safar hannu, kuma duk wanda tsatsan kwano ya yanka ya je asibiti a duba maganar allurar tetanus. In akwai wayar lantarki da ta faɗo, kada kowa ya matsa kusa, a sanar da kamfanin lantarki na ECG ko a kira 112.

Abin da ya fi damuna shi ne inda kuka ajiye kayan. Ki ja su nesa da bakin kwata. Ruwa ɗaya zai share su zuwa babbar kwatar Nima, daga nan sai rafin Odaw da tafkin Korle. Duk mun tuna daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Sakul (shataletalen Kwame Nkrumah), mutum kusan 150 suka rasu, kuma toshewar magudanai na cikin abin da ya tsananta ruwan. Shekara guda kafin nan, a 2014, kwalara ta yi ɓarna sosai a Akara.

Sannan kada ki je ofis ke kaɗai. Ku haɗu da sauran gidajen da abin ya shafa, ku ɗauki hotuna, ku sami asambuliman ɗinku (wakilinku a majalisar yanki) da mai unguwa, su kai ƙorafin sashen tsaftar muhalli na majalisa, a nemi a turo mota ko a ajiye babban kwantena. Ku rubuta sunayenku a wurin NADMO saboda rufin. In motar ta yi jinkiri, ku yi karo-karo ku ɗauki aboboya, amma ku tambayi direban tashar da zai kai kayan, don wasu a bakin rafi suke juyewa da asuba.