Zuwa ga ƙanena mai son zuwa karatun yaƙi da ɓeraye a Niyu Zilan

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digiri a fannin kare amfanin gona, ka ji gwamnatin Niyu Zilan na zuba kuɗi wajen kashe ɓeraye a tsibiranta, kana so a sayar da filin gado ka biya kuɗin digiri na biyu, da fatan aiki na jiranka. Labarin gaskiya ne, amma don Allah a bar filin nan tukuna.

Kafin mutum ya sa ƙafa a ƙasar nan, jemage ne kaɗai mai shayarwa a doron ƙasarta. Tsuntsaye suka saki jiki, wasu na ƙwai a ƙasa, kiwi ma ko tashi ba ya yi. Sai ɓeraye suka biyo jiragen ruwa, aka kawo fosam, wata dabba mai hawan bishiya, daga Ostireliya saboda gashinsa, aka kuma kawo wata siririyar dabba mai kama da tunku, stoat, a shekarun 1880 don ta ci zomaye. Ta koma kan tsuntsaye. A Yulin 2016 Firaminista John Key ya ce za a kawar da waɗannan ukun kafin 2050.

A ƙananan tsibirai abin ya yiwu. A 2001 jirage masu saukar ungulu suka watsa abinci mai guba a tsibirin Campbell, hekta kusan 11,300, ɓera ya ƙare ƙaf. Can teku ce katanga, amma ko mace ɗaya mai ciki ta tsira, aiki ya koma baya. Manyan tsibiran ƙasar guda biyu, inda mutane da gonaki suke, nan ne gumin yake.

A bayan gidana a Wellington akwai dogon akwatin katako, bakinsa da ragar waya, tarko a ciki. 'Yan sa kai na unguwa ne suka ba ni. Ranar Asabar da safe na buɗe, na shafa tunkuza, in ya kama na shigar a waya. Shekarun baya da wuya ka ga kaka, wani aku mai ruwan ƙasa, a cikin gari. Yanzu yana sauka kan bishiyar maƙwabcina yana ɓare ɓawonta, yarana na leƙe ta taga. Wallahi aikin nan yana raina, shi ya sa ba zan rufe ka ba.

Kuɗin gwamnati kamar ruwan damina yake. A 2020 aka ware dala biliyan 1.19 na ƙasar ga shirin samar da ayyukan kare muhalli, Jobs for Nature, aka ɗauki dubban mutane. Wa'adinsa ya cika, kwantiragi da yawa suka ƙare. A 2025 aka sanar da rufe kamfanin Predator Free 2050 Limited, mai tallafa wa yaƙin da dabbobin nan, aka mayar da aikinsa hannun hukumar kula da gandun daji, DOC. Aikin da ya rage yawanci na wucin gadi ne: hawan dutse da tarkuna a baya, cikin ruwa da sanyi, kuma ɗan ƙasa da ya san dajin ake fara ɗauka. Bizar ɗalibi ma awannin aikinta ƙayyadaddu ne.

Ga shawarata. Digiri na biyu kuɗin baƙo ake biya, mai tsada ƙwarai, amma ɗalibin digirin digirgir yana biyan abin da ɗan ƙasa ke biya. Ka yi na biyu a gida, a kan tsutsar nan mai cin masara da ta bayyana a Najeriya a 2016. Ita ce aka gano a nan a 2022, kai kuwa ka girma kana ganinta a gona. Ka wallafa bincikenka, sannan ka rubuta wa malamai a Jami'ar Lincoln, su duba ko za su ɗauke ka da tallafi.

In Allah ya nufa ka taho, kada Hajiya ta cusa maka kilishi ko dambun nama a jaka. Kuka, daddawa, yaji, duk ka rubuta su a takardar shiga, jami'i ya duba. Karnuka na shinshina kaya a filin jirgi, wanda ya ɓoye ko ya manta tarar dala 400 ce nan take. Takalmanka ma ka wanke taɓon gona kafin ka sa su a akwati.

Ka gaishe min da Hajiya da su Baffa.